JAWABIN BAN KWANA DA WANI ƊAN AJIN 1998 YA GABATAR A TARON SHEKARA NA ƘUNGIYAR TSOFAFFIN ƊALIBAI





Da farko ina gode wa kwamitin shirya taro da ya ba ni waɗannan 'yan mintoci. Sakatare ya ce tun da labari ya bazu cewa ni da iyalina mun sami izinin zama na dindindin a ƙasar Kanada, mutane sun dame shi da tambaya, saboda haka gara in zo in yi bayani gaba ɗaya kowa ya huta. Na amsa masa ba tare da gardama ba, domin ni ma ina da wata buƙata a wurinku, wadda zan faɗa idan na kusa zama.

Kafin in shiga magana, bari in roƙi gafarar malaminmu na Labarin Ƙasa, ga shi can zaune a sahun gaba. Ranka ya daɗe, kai ne ka zana mana taswirar Amurka ta Arewa a allo muna aji biyar, ka nuna mana filayen alkama na Kanada, ka ce birnin Winnipeg shi ne babbar kasuwar hatsinsu. Ni kuwa a ranar barci nake yi a bayan aji, ka tashe ni ka tambaye ni ina Winnipeg take, na ce tana kusa da Masar. Ka sa na yi sharar fili kwana uku. To, Malam, Allah da ikonsa, Winnipeg ɗin za ni.

Abu na farko da ya kamata ku sani shi ne, ba ni aka ba takardar nan ba. Maiɗakina aka ba, ni rakiya zan yi. Na ga 'yan ajinmu suna dariya, to ku yi abarku. Tsarin da muka bi sunansa Express Entry, an soma shi a watan Janairu na 2015. Maki ake ba mutum bisa shekarunsa, da iliminsa, da ƙwarewarsa a Turanci ko Faransanci, da daɗewarsa a aiki, iyakar makin kuwa 1,200. Makin shekaru ya fi yawa ga mai 20 zuwa 29, daga nan sai ya yi ta zaftarewa, idan mutum ya kai 45 ba shi da ko ɗaya. Ni da na ba arba'in baya, da na yi lissafin nawa sai na ga ko a jarrabawar Lissafi ta aji uku ban faɗi haka ba. Ita kuwa ma'aikaciyar jinya ce, kuma ta fi ni ƙuruciya nesa ba kusa ba. A 2023 hukumar shige da fice ta Kanada ta fara zaɓen mutane bisa sana'ar da ƙasar take buƙata, aikin lafiya yana ciki. Ta nan aka kira ta. A takarda ita ce mai nema, ni da yara biyu muna bayanta, kuma doka ba ta yarda mu riga ta shiga ƙasar ba. Ko dai mu sauka tare, ko ta riga mu.

Ba zan tsawaita kan wahalar nema ba. An yi jarrabawar Turanci ta IELTS, wadda sakamakonta shekara biyu yake aiki. An aika takardun karatu wata hukuma mai suna WES ta auna su da na can, kuma kafin makarantar da ta yi ta aika sakamakonta sai da na yi sawu ya fi a ƙirga. An je Abuja an ɗauki hoton yatsu, an karɓo takardar shaidar 'yan sanda, likitan da su suka amince da shi ya duba mu duka har da ƙaramar yarinya. Wurin da ya fi ƙona mana rai shi ne kuɗin guzuri. A lissafin 2024, iyali mai mutum huɗu sai ya nuna dalar Kanada 27,297 a banki, kuma ba a yarda ta zama ta rance ba. Mun fara tari lokacin da dalar Amurka take wajen naira 460 a farashin gwamnati. A watan Yuni na 2023 aka saki naira, kafin ƙarshen Fabrairu na 2024 ta haura 1,500. Abin da muka tara ya narke muna kallo, kamar ƙanƙara a rana. Filina na bayan gari da motata su suka cike giɓin.

Ga ƙannenmu masu sha'awa, kalma biyu. Duk wanda ya ce ku ba shi kuɗi yana da hanya a ciki, maƙaryaci ne. Mai ba da shawara kan wannan harka a karɓi kuɗi sai wanda yake da lasisi daga can, ko lauya, kuma ana iya duba sunansa. Idan aka kama ƙarya a takardarka, ko da wani ya rubuta maka, shekara biyar za a hana ka nema. Sannan ƙofar ta fara tsukewa: a watan Oktoba na 2024 gwamnatinsu ta rage adadin da za ta karɓa a 2025 daga 500,000 zuwa 395,000.

Ranar da saƙo ya zo cewa mu kai fasfo a buga biza, mun yi sujadar godiya, maiɗakina ta yi kuka, yara suka yi ta tsalle ba su ma san dalili ba. Na ɗauka an gama. Ashe lokacin aka fara. Tare da bizar akwai wata takarda ta tabbacin zaman dindindin, kowa da tasa, kuma tana da wa'adi. Gwajin likita shekara ɗaya yake aiki, idan ya ƙare ba ka shiga ƙasar ba, ita ma ta mutu. Ke nan an ba ka 'yan watanni ka naɗe rayuwar shekara arba'in da wani abu ka zuba a akwati biyu.

Za mu bi ta Addis Ababa mu sauka Toronto. A filin jirgin farko da ka taka ake yin komai: jami'i ya duba takardun, ya tambaye ka ko wani abu ya canza, kamar haihuwa ko aure, ka sa hannu. Daga wannan lokaci ka zama mazaunin dindindin. Za ka ba da adireshin da za a aiko maka da katin shaida, ka nemi wata lamba mai alƙaluma tara wadda ba a ɗaukar mutum aiki sai da ita. Idan kuɗin da ke jikinka ya kai dala 10,000 sai ka bayyana. Akwai kuma jerin kaya biyu da za ka rubuta tun daga gida, na waɗanda ka zo da su da na waɗanda za su biyo baya, domin abin da ka rubuta a ranar shi ne zai shiga ba kuɗin fito. 'Yan kunne da sarƙoƙin maiɗakina duk sai da muka ɗauki hotonsu ɗaya bayan ɗaya. Ga waɗanda suka yi mini alkawarin guzurin kilishi da dambun nama, na gode, amma ba a shiga da nama. Ku kawo mu cinye a nan. Kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji kuwa za mu rubuta su a takarda, jami'i ya yanke hukunci.

Sanyi ba sai na faɗa ba. A Winnipeg cikin Janairu yakan sauka ƙasa da sifiri da awo 30. Ku tuna yadda muke rawar ɗari a layin famfo da asubar hunturu, muna ganin duniya ta tashi, alhali ruwan ko daskarewa bai yi ba. A watan Disamba rana takan faɗi wajen ƙarfe huɗu da rabi, a watan Yuni kuwa sai tara da rabi ta wuce. Mai azumi ya yi nasa lissafin. Alhamdu lillahi akwai masallatai da jama'ar Musulmi a garin, wani ɗan'uwa kuma ya karɓa zai sauke mu kafin mu kama haya.

Game da aiki, ba na son in yaudari kowa. A nan ni injiniya ne, mataki na 14, ina da ofis da masinja. A can ba ni da ikon kiran kaina injiniya sai hukumar injiniyoyin lardin Manitoba ta tantance ni ta ba ni lasisi. Ita ma da aka kira saboda aikin jinya, ba za ta taɓa majinyaci da wannan suna ba sai ta bi tantancewa ta ci jarrabawarsu. Kafin nan duk aikin halal da ya samu za mu yi. Idan kun ji an ce an ga tsohon firifet ɗin ɗakin cin abinci yana jera kwali a kanti, kada ku ce sharri ne.

Wasu sun ce mini, shi ke nan ka zama Bature. A'a. Mazaunin dindindin yana aiki, yana karatu, yana zuwa asibiti, amma ba ya jefa ƙuri'a, kuma fasfonsa na Nijeriya ne. Don izinin ya ɗore sai ya zauna kwana 730 cikin kowace shekara biyar. Neman zama ɗan ƙasa sai bayan kwana 1,095.

Yanzu na zo kan buƙatata, kuma ina roƙon a saurare ni.

Takardar nan ba ta ƙirga iyali yadda muke ƙirgawa. A wurinsu iyali shi ne miji, da mata ɗaya, da 'ya'yan da ba su kai 22 ba kuma ba su yi aure ba. Mahaifiyata ba ta ciki. Ita dai na sami sauƙi, tana hannun ƙanena, kuma akwai wata bizar ziyara ta iyaye da ke ba su damar zama har shekara biyar a zuwa ɗaya, ko da yake da na faɗa mata ta ce ita da ta ga Makka ba ta da sauran tafiya. Ta yafe mini, ta sa albarka.

Wanda ya tsaya mini a rai shi ne ɗan marigayi yayana. Da yawanku kun halarci jana'izar a 2016. Yaron yana da shekara huɗu aka ba ni riƙonsa, a ɗakina ya tashi, Baba yake ce mini, 'ya'yana kuma Yaya suke ce masa. Da muka zo cike takarda sai aka ce ɗa shi ne wanda ka haifa, ko wanda kotu ta mayar naka ta raba shi da iyayensa na asali. Riƙo irin namu ba shi da gurbi. Ni kuwa ba zan canza wa maraya nasaba ba, addini bai yarda ba, ga kuma mahaifiyarsa da ranta a gidan aurenta. Akwai hanyar ɗaukar ɗan ɗan'uwa maraya, amma sai wanda ya rasa uwa da uba duka. Wani ya ba ni shawara in rubuta shi a matsayin ɗan cikina, wa zai sani? Na kwana biyu ina juya maganar, ba zan ɓoye muku ba. Daga baya na ga ƙarya ce, kuma idan ta tonu mu duka za ta kayar.

Yaron nan yana wannan makaranta, aji biyu na ƙaramar sakandare, a gidan kwanan da na zauna. Ranar ziyara da ta wuce na zaunar da shi ƙarƙashin darbejiyar bakin ofishin Shugaba na faɗa masa. Bai yi kuka ba. Ya daɗe yana wasa da murfin kwanon da na kawo masa abinci, can ya ce, "Baba, to idan an yi hutu ina zan je?" Na ce gidan Hajiya. Ya ce, "Ranar ziyara fa?" Wallahi jama'a, duk tambayoyin da aka yi mana a takardun nan na amsa, wannan ce na rasa amsarta.

Kuɗin makarantarsa ba shi ne matsala ba, na ajiye na shekara biyu a hannun ƙanena, sauran kuma zan riƙa aikowa in Allah ya yarda. Amma ƙanena direban babbar mota ne, yau yana Legas gobe yana Maiduguri. Dukkanmu nan mun san yadda ranar ziyara take ga yaron da ba a zo masa ba. Mun san wanda yake zama a bakin ƙofa har la'asar yana duban kowace mota, sannan ya koma ya ci gabza shi kaɗai. Wasunmu su ne yaran.

Saboda haka ina roƙon shugaban ƙungiya, idan an zo kan sauran batutuwa, a sa wannan a ciki: a sami mutum biyu ko uku daga 'yan ajinmu mazauna gari da za su riƙa karɓa-karɓa ranar ziyara. Ba sai an kawo komai mai yawa ba, a dai kira sunansa a bakin ƙofa. Ina roƙon malamin gidansu ya riƙa duba littattafansa, idan ya yi laifi a hore shi kamar yadda aka hore mu, kada a ce maraya ne a ƙyale shi. Tsakaninmu da Winnipeg awa bakwai ne da hunturu, shida da bazara, to idan aka ba shi waya da la'asar ranar Lahadi, ni lokacin safiya ce, ina zaune ina jira.

Ma'aji kuma ya kwantar da hankalinsa, na biya kuɗin ƙungiya na shekara uku gaba, rasit yana aljihuna. Jirginmu zai tashi daga Abuja bayan mako biyar. Wanda na ɓata wa tun daga aji ɗaya har yau, musamman ƙannen da na hana ƙarin miya ina firifet, ya yafe mini. Malamanmu, a sa mu a addu'a. Sakatare, takarda tana wurinka, mai niyyar ranar ziyara ya rubuta sunansa kafin a tashi.