In ruwan sama ya jiƙa akwatin fitilun Mauludi

Jawabin da mai gyaran lantarki ya yi wa jama'ar Guna, cikin gundumar Miriya



Maganata ta yau a kan fitilun ƙawa ce, waɗanda ake ratayawa a ƙofar masallaci da zauren malam in Mauludi ya zo. A gindin wayarsu akwai ɗan akwati. Shi ke sa su ƙyaftawa, ja, kore, shuɗi. Wasu da gurup suke kunna su, wasu da pano da batir. Masu pano suna da akwati na biyu, watau regilater, wanda ke tsakanin pano da batir. Dukansu biyu ba sa shiri da ruwa.

Kun san watanninmu na Musulunci suna jawowa baya da kwana 11 kowace shekara. Mauludin 2024 ya faɗo tsakiyar Satumba. A wannan watan ne ruwa ya rushe tsohon masallacin ƙasa na Birni, can Damagaram. Na 2025 ya faɗo farkon Satumba. Daga nan har 2030, cikin Agusta da Yuli zai riƙa zuwa, a tsakiyar damina. Ke nan fitilunmu za su sha ruwa.

To, ku saurara da kyau. Sau da yawa ba jiƙewar ce ke kashe akwati ba. Kunna shi da lema a ciki, shi ke kashe shi. Cikin akwatin akwai ɗan faifai kore, mai siraran hanyoyi na jan ƙarfe, kusa kusa da juna kamar kunyoyin gona. Ruwan da ya biyo indararo ya ɗebo laka da gishirin ƙasa. Shi ke haɗa hanyar da bai kamata ta haɗu da ƴar uwarta ba. In akwai wuta a ciki, sai ka ji ƙauri, shi ke nan. Saurayin da ya ce “bari in gwada in gani ko yana da rai”, shi ya yanka shi.

Abu na farko, a yanke wuta. In gurup ne, a kashe shi tun daga inda yake, sannan a zare waya. Wutar gurup bolt 220 ce, irin ta NIGELEC, tana kisa. Kada a taɓa akwati da jiƙaƙƙen hannu, kada a tsaya cikin taɓo ba takalmi. A kori yara daga wurin. In regilater ne, a fara cire wayar pano, sannan ta batir. Ranar mayarwa kuma batir ake fara haɗawa, pano ya biyo baya. Batir bolt 12 ne, ba ya fizgar mutum, amma in wayoyinsa biyu suka haɗu suna iya tada gobara, ga rumfunanmu na zana.

Bayan an cire, a ɗan dakata kamar minti 10, don akwai abin da ke riƙe sauran wuta a ciki. Sannan a kwance murfi da turnabis, a kifa akwati, ruwa ya tsiyaye. In an ga laka, kada a bar ta ta bushe a kai. A sami alkol mai lamba 90 a kantin magani, a goge a hankali da tsohon buroshin haƙori mai taushi. Alkol yana kwashe lema, yana kuma bushewa da wuri. Ba a wanke shi da ruwan rijiya, balle mai kanwa. Ba a sa masa kananzir ko esans.

Sai shanya. A nan ne haƙuri ke ƙarewa. A ajiye shi a buɗe, cikin inuwa, inda iska ke ratsawa, kwana 2 ko 3. In hadari ya ƙi wucewa, a ƙara kwana. Kada a kai shi bakin murhu, kada a ɗora shi kan kwanon rufi da tsakar rana, zafi yana lanƙwasa roba. Na san ana cewa a tusa shi cikin shinkafa ko gero. Hatsi ba ya jan ruwan da ya ɓuya ƙarƙashin ƙananan kaya, ƙura da dusa kawai yake ƙarawa. Ku bar geronku a rumbu.

Ga yadda za a gane ya bushe. A sa shi cikin farar leda busasshiya, a ɗaure, a ajiye a hantsi na ɗan lokaci. In leda ta yi gumi daga ciki, da saura. In kuwa an ga kore kore kamar tsatsa a kan faifai, ko baƙin tabo na ƙuna, kada a gwada, a kai wa mai gyara a Miriya ko Damagaram. In fizibil ya ƙone, a sayi irinsa daidai. Wanda ya maye gurbinsa da guntun waya ko takardar sigari, gobara ya gayyato.

Gwajin farko da rana ake yi, a busasshen wuri. A rufe murfi, a kunna, a ja da baya. An ji ƙauri ko an ga hayaƙi, a kashe nan take.

Ranar ratayawa, a sa akwati ƙarƙashin rufi, sama da ƙasa, nesa da indararo. Waya ta sauko ƙasa da akwati tukuna, sannan ta hau ta shiga ta gindinsa, don ruwan da ya biyo ta ya ɗige ƙasa. In ba rufi, a yanke gindin jarka a kifa a kai, a bar ƙasa a buɗe. Kada a naɗe shi da leda kam, gumin ciki zai jiƙa shi. Mai zuwa sayen sabo a kasuwar Dole, ya duba jikin kwali. Ku da kuka yi yaƙi da jahilci kuna iya karantawa: in an rubuta IP44, yana jure feshin ruwa, IP65 ya fi shi, IP20 na cikin ɗaki ne kawai.