Sauro da Masu Bincike: Zazzaɓin Damina a Ƙasar Birnin Kudu da Gwaram



Kafin a shiga zancen masu bincike da ɗakunan gwajinsu, ya kamata a ɗan tsaya a kan suna tukuna. Hausawan dā sun san masassara, sun san jante, sun kuma san zazzaɓin nan da ke shigowa tare da damina, ya tsananta gab da kaka. Amma kiran sa “zazzaɓin cizon sauro” sabon abu ne, kuma sunan kansa sakamakon bincike ne. A 1880 wani likitan sojan Faransa, Alphonse Laveran, ya ga ƙwayar cutar a jinin marasa lafiya a Aljeriya. A 1897 kuma Ronald Ross ya same ta a cikin sauro a Indiya. Watau duk wanda ya furta wannan suna, ko bai taɓa shiga makaranta ba, ya faɗi abin da sai da aka sha wahala kafin a tabbatar da shi.

Birnin Kudu da Gwaram suna can kudancin Jihar Jigawa, daura da iyakar Bauchi, inda ruwan sama ya fi na Gumel da Haɗeja yawa. Ƙasa ce mai duwatsu da fadamu, kuma kusan kowane tsohon gari yana da kududdufan da aka ɗebi ƙasar gini. Daga Yuli zuwa Oktoba zazzaɓi shi ne babban abin da ke kai yara ɗakin shan magani, waɗanda abin ya yi wa tsanani kuwa, masu jijjiga ko ƙarancin jini, akan garzaya da su babban asibiti, kamar Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu. Bisa ga ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, a 2023 cutar ta kashe mutum wajen 597,000 a duniya, kuma kusan kashi 31 cikin ɗari nasu a Nijeriya suka mutu, akasarinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar.

DARASIN GARKI

Ba kowa ya san cewa ɗaya daga cikin manyan binciken da aka taɓa yi a kan wannan cuta a duniya, a ƙasar Jigawa aka yi shi ba. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya suka zauna a gundumar Garki, wadda a lokacin take cikin Jihar Kano tare da Birnin Kudu da Gwaram. Tambayarsu ɗaya ce: idan aka haɗa dukkan makaman da ake da su, za a iya katse yaɗuwar cutar a karkarar Afirka? A 1972 da 1973 aka fesa wa ɗakuna wani maganin ƙwari mai suna furofoksa, aka kuma riƙa ba mutanen wasu ƙauyuka magani gaba ɗayansu, da mai ciwo da mai lafiya. Cutar ta yi ƙasa ƙwarai, har ta kusa ɓacewa a wasu ƙauyukan. Amma ba ta katse ba. Da aka daina, sannu a hankali ta komo inda take.

Mai gajen haƙuri zai ce an yi asarar kuɗi. Ba haka ba ne, domin Garki ta bayyana dalilin gazawar. An tarar ba duk sauro ke kwana a bangon ɗaki bayan ya sha jini ba. Akwai wanda da ya ƙoshi sai ya fice waje, saboda haka feshin bango ba ya samun sa. Wani masani ɗan Italiya, Mario Coluzzi, ya duba ƙwayoyin gadon sauron yankin, ya nuna cewa abin da ido ke gani iri ɗaya, jinsi-jinsi ne masu halaye daban. A 2013 aka raɗa wa ɗaya daga cikin jinsunan sunansa, kuma wannan jinsi yana cikin manyan masu yaɗa cutar a ƙasar Hausa. Littafin rahoton Garki, wanda Molineaux da Gramiccia suka fitar a 1980, har yanzu masu lissafin yaɗuwar cuta suna komawa ga alƙalumansa.

Akwai kuskure guda da ya kamata a gyara a nan. Sauron nan mai yawan kuka a kunne, wanda ke fitowa daga kwata da masai, galibi ba shi ne mai kawo zazzaɓi ba. Mai kawo shi ya fi son ruwa marar zurfi wanda rana ke duka: sawun shanu a bakin fadama, ramin da aka yi tubali, gefen gonar shinkafa. Macen ce kaɗai ke cizo, kuma da dare. Cikin kwana goma ko makamancin haka ƙwai yakan zama sauro. Ita kuwa ƙwayar cutar tana bukatar kwana goma zuwa sha huɗu a cikin sauron kafin ta isa ga yawunsa, alhali yawancin sauro ba su kai wannan tsawon rai. Ashe tsohuwar sauro ce abar tsoro, kuma duk dabarar da ta rage wa sauro kwana ta rage cutar, ko da ba ta ƙarar da shi ba.

GIDAN SAURO

A kan wannan hikima aka gina gidan sauro mai magani. Mai barci shi ne tarko: numfashinsa da warin jikinsa suna jawo sauron, ya sauka a kan raga, ya taka guba. Gidan sauro na farko tsoma shi ake yi cikin ruwan magani duk bayan 'yan watanni, abin da mutane kaɗan ne suka jure yi. Masu ilmin sarrafa kayayyaki ne suka warware matsalar. Kamfanin Sumitomo na Japan ya cuɗa maganin cikin narkakkiyar roba, irin wadda ake yin leda da ita, tun kafin a ja ta ta zama zare. Maganin yana zaune a cikin zaren, yana tsattsafowa waje kaɗan-kaɗan. In an wanke na saman ya tafi, na ciki ya maye gurbinsa. Wannan raga, mai suna Olyset, ta sami amincewar Hukumar Lafiya ta Duniya a 2001. Wasu kamfanonin kuma manne maganin suke yi a jikin zaren da wani irin ƙaro. Ma'aunin da aka sa wa kowace iri shi ne ta jure wanki ashirin da amfanin shekara uku. Shi ya sa ake cewa a wanke da sabulu mai sauƙi, a shanya a inuwa, domin rana tana lalata maganin. Wani bincike da aka buga a 2015 ya ƙiyasta cewa daga 2000 zuwa 2015 an kauce wa kamuwa da cutar sau miliyan 663 a Afirka, kuma kashi 68 cikin ɗari na wannan nasara gidan sauro ne ya kawo ta.

Sai dai shekara da shekaru dukkan ragogin nan dangin guba guda suke ɗauke da shi, irin wanda manoma ma suke fesa wa wake da auduga. Sauron da ya tsira shi ke haihuwa, 'ya'yansa su gaji taurin kansa. Masu bincike na Jami'ar Bayero, tare da abokan aikinsu na Makarantar Cututtukan Ƙasashen Zafi da ke Libaful, sun kama sauro a Auyo cikin Jigawa da Bunkure cikin Kano, suka buga sakamako a 2014 da ya nuna cewa da yawa daga cikinsa ba ya mutuwa idan ya taɓa maganin. Hanya biyu yake bi. Ta farko, kafar da gubar ke kamawa a jijiyarsa ta sake siffa, kamar an sake kuba an bar mutum da tsohon mabuɗi. Ta biyu, jikinsa yana yawaita wasu sinadarai masu narkar da guba tun kafin ta yi aiki.

Amsar da masu ilmin haɗa sinadarai suka bayar tana da ban sha'awa. Da farko suka ƙara wa raga wani sinadari da ke dabaibaye masu narkar da gubar. Daga baya suka zo da abin da ya fi wannan wayo, watau kulofenafiya. Shi wannan, a yadda yake a jikin raga, ba shi da wani ƙarfi. Sai ya shiga cikin sauro, sinadaran nan da sauron ke kare kansa da su suka taɓa shi, sa'an nan yake rikiɗa ya zama guba mai kashe murhun da ƙwayoyin jiki ke samun ƙarfi daga gare shi. Garkuwar sauro ita ta zama ajalinsa. An gwada ragar da ke ɗauke da shi, Interceptor G2, a Tanzaniya da Jamhuriyar Benin, aka ga zazzaɓin yara ya ragu da kashi 44 a ta farko, 46 a ta biyu, idan aka gwama da tsohuwar raga. A Maris 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fifita ta a inda sauro ya yi taurin kai. Jami'in da ke karɓar ragogi domin rabawa a Gwaram ya kamata ya san wace iri ce aka sauke masa, ba yawanta kawai ba.

MAGANI

Masu shekaru cikin wannan zaure suna tuna kulorakwin da ƙaiƙayinsa. Ƙwayar cutar ta saba da shi, har Nijeriya ta bar shi a 2005 ta koma ga haɗin da ya ƙunshi atemisinin. Asalin wannan ganye ne. Tu Youyou ta ƙasar Sin ta karanta a wani littafin magani na ƙarni na huɗu cewa jiƙa ganyen ake yi a matse, ba dafawa ba. Ta fahimci zafi ne ke ɓata sinadarin, ta tace shi ba tare da zafi mai yawa ba a 1971, aka ba ta kyautar Nobel a 2015. Tazargade ta Hausawa danginsa ce. Amma dangantaka ba ta isa hujja ba, domin yawan sinadarin ya bambanta daga tsiro zuwa tsiro, kuma shan abin da bai kai ƙima ba shi ne ainihin abin da ke koya wa ƙwayar cuta jure magani. An riga an ga alamar haka a Kambodiya, sa'an nan a Ruwanda a 2020 da Uganda a 2021. Wanda ya sha ƙwayoyi kwana ɗaya ya ji sauƙi, ya ajiye sauran domin wani karon, shi ma wannan makaranta yake buɗe wa cutar.

Ga yaron da ya galabaita kuwa, wani gwaji na 2010 da ya haɗa yara 5,425 a ƙasashen Afirka tara, har da Ilori, ya nuna allurar atesunet ta rage mutuwa da kashi 22.5 cikin ɗari a kan kwinin.

KALMA ƊAYA, ABU UKU

Da yake zazzaɓin wannan yanki na lokaci ne, a 2012 aka amince da wata dabara: a riƙa ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 magani sau ɗaya kowane wata cikin damina, tun ba su kamu ba. A Nijeriya an fara a Katsina a 2013, daga nan ya yaɗu zuwa Jigawa da sauran jihohin Arewa. Gwaje-gwaje sun nuna yana hana wajen kashi 75 cikin ɗari na kamuwa. Masu bi gida-gida suna ba da na ranar farko a gabansu, su bar wa uwa na kwana biyu. Ƙarfin kariyar ya dogara ga waɗannan kwanaki biyu da babu jami'in da ke gani.

Sa'an nan ga allura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ta farko a 2021, ta biyu kuma, R21, a 2023. Jami'ar Okusfod ce ta ƙirƙiro R21, ana yin ta a Indiya, kuma sinadarin da ke zaburar da garkuwar jiki a cikinta daga ɓawon wata bishiya ta ƙasar Chile ake samun sa. Nijeriya ta fara yin ta a Kebbi da Bayelsa a Disamba 2024, sau huɗu ga kowane yaro, a wata na 5, na 6, na 7 da na 15. Wani gwaji da aka yi a Mali da Burkina Faso da allurar farko, aka buga a 2021, ya nuna cewa yaran da aka haɗa musu allura da maganin damina, mutuwarsu daga cutar ta ragu da wajen kashi 70 cikin ɗari a kan waɗanda suka sami ɗaya kawai.

A nan ne maganar ta komo hannun masu harshe. Gidan sauro rigakafi ne, ƙwayar damina rigakafi ce, allura ma rigakafi ce. Amma a kunnen Bahaushe, tun zamanin lambar agana, “an yi masa rigakafi” na nufin an gama, cuta ba ta kama shi. Allurar zazzaɓi ba haka take ba: tana ragewa ne, ƙarfinta kuma yana dushewa. Uwar da ta kai ɗanta allura huɗu, ta naɗe raga ta ajiye domin ta ji an ce rigakafi, ba ta yi kuskuren fahimta ba. Kalmar ce ta gaya mata haka. Mai fassara sanarwar rediyo da mai rubuta takardar horar da masu bi gida-gida suna iya bambancewa, alal misali su ce raga “katanga” ce, ƙwayar damina “tsarin wata guda”, allura kuwa “mai rage kaifin cuta”, ko wasu kalmomin da suka fi waɗannan. Amma kafin a buga kowace a takarda, sai an kai ta gaban matan Birnin Kudu da na Gwaram, an tambaye su abin da suka ji ta ce.