Asibitin Tafi-da-gidanka Mai Aiki da Hasken Rana: Jawabi ga 'Yan Ƙungiya

 

Sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari a watan Nuwamban 2024 ya faranta mana rai. Sai dai jaririn da aka haifa a ƙauyukan Randagi ko Damari yana buƙatar rigakafi, yawancin alluran kuwa ba sa jure zafi. Dole a adana su tsakanin digiri 2 zuwa 8. Inda babu lantarki, ina mafita?

Shawararmu ita ce mu haɗa kuɗi mu sayi mota, a kafa mata faifan sola a rufi. Faifai 2 masu wat 300 kowanne, in suka sha rana ta awa 5, za su ba da wuta kusan kilowat-awa 3, ko da yake zafi da ƙura kan rage ta. Wannan ya ishi ƙaramin firij, fitilu da cajin wayoyin ma'aikata. Batir zai riƙe wutar dare, na'urar daidaita caji kuma ta kare shi daga lalacewa.

Sharaɗi biyu ne: a riƙa goge ƙurar hunturu, kuma kada direba ya fake da motar a inuwar itace, ko da a bakin dajin Kamuku ne.

'Yan'uwa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.