Darasin Sabuwar Bussa Ga Mazauna Wuse

Jawabin da sakataren ƙungiya ya gabatar a taron magidanta na wata-wata

 

Shugaba ya umarce ni in yi magana a kan haƙƙinmu na zama a wannan gari. Na ga ya fi kyau in fara da labarin wani gari da gwamnati ta gina saboda aiki, kamar yadda ta gina Abuja. Sunansa Sabuwar Bussa, a ƙasar Borgu, cikin Jihar Neja ta yau. Hausawa na cewa gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Bayan samun 'yancin kai, ƙasar nan ta bukaci wutar lantarki mai yawa. A 1962 aka kafa hukumar madatsun Kogin Kwara, aka zaɓi wani wuri mai suna Kainji, nesa da kowane babban birni. An fara aiki a 1964 da rancen Bankin Duniya da na wasu ƙasashe, kamfanin Impregilo na ƙasar Italiya shi ne ya yi ginin. An kammala a 1968, Janar Yakubu Gowon ya buɗe a 1969. Injinan da aka girka, ƙarfinsu ya kai megawat 760.

To, aiki irin wannan sai da mutane. Dubban leburori da birkiloli da direbobi suka yi ta kwarara daga Kano, Sakkwato, Ilori da kudancin ƙasa. A bayansu masu tuwo, mahauta, 'yan koli da masu wankin hula suka biyo, kamar dai yadda mu ma muka biyo aikin Abuja. Aka gina wa ma'aikatan dam unguwanninsu, ta manya daban, ta ƙanana daban, da ruwan famfo da wuta da asibiti da makaranta. Wanda sunansa ke cikin littafin albashi, yana da ɗaki. Wanda ya zo sayar wa ma'aikata abinci kuwa, sai ya kafa rumfarsa a gefe.

Akwai kuma mutanen da aka tarar a wurin. Da aka tare kogi, ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130. Ya cinye tsohuwar Bussa, garin sarautar Borgu, inda Baturen nan Mungo Park ya halaka a 1806. Ya cinye tsibirin Foge da ƙauyuka masu yawa har zuwa ƙasar Yawuri. Mutum sama da 40,000 aka tayar: Bussawa, Gungawa, Kambari da sauransu. Gwamnati ta gina musu gidajen siminti a madadin nasu, ta gina Sabuwar Bussa da fadar sarki da masallaci da kasuwa.

A nan nake so ku saurara da kyau. An biya gida da gida, domin gida abu ne da ma'aikaci zai iya ƙirgawa ya rubuta. Amma fadamar da Gungawa ke noman albasa a cikinta tun kaka da kakanni ta nutse, kuma ba a iya gina wa mutum fadama da bulo. Kaburburan iyaye ma sun tafi ƙarƙashin ruwa. Sannan wutar Kainji ta haska Legas da Kaduna, ta tsallaka iyaka har Yamai, alhali ƙauyuka da dama da suka ba da ƙasarsu sun shekara da shekaru suna kunna aci-balbal. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Masu dam ɗin ma sun yi ta canzawa. A 1972 aka haɗe hukumar madatsun cikin NEPA. A 2005 NEPA ta zama PHCN. A 2013 aka miƙa tafiyar da Kainji da Jebba ga kamfanin Mainstream mai zaman kansa. Ita kanta ƙasar Borgu tana cikin Jihar Kwara, sai a 1991 aka mayar da ita Jihar Neja. Duk lokacin da aka canza mai gida, alkawarin baka yakan bi tsohon mai gidan ya tafi. Abin da ke rubuce shi ake dubawa. Mutanen yankin ba su yi shiru ba, sun yi ta kai koke a rubuce ta hannun sarakunansu da wakilansu, har aka yi dokar kafa hukumar HYPPADEC a 2010 don raya yankunan da ke samar da wutar ruwa. Ku lissafa, shekara 42 ke nan bayan ruwa ya ci garinsu, kuma sai da aka ƙara kusan shekara goma kafin hukumar ta fara aiki.

Yanzu mu dawo gida. Dokar soja mai lamba 6 ta 1976 ita ta kafa Babban Birnin Tarayya, gwamnati kuma ta tare a ranar 12 ga Disamba, 1991. Wannan Wuse da muke kasuwanci a cikinta tana da mutanenta na asali, an tayar da su zuwa Sabon Wuse da ke Jihar Neja. Kada mu manta da haka idan muna zance da 'yan'uwanmu Gbagyi, su ne Bussawan wannan wuri. Mu kuma mu ne masu rumfar gefen sansani.

Shin muna da haƙƙi? Ƙwarai kuwa. Tsarin mulkin 1999, sashe na 41, ya ba kowane ɗan Nijeriya damar zama duk inda ya so a ƙasar nan. Sashe na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabila ko addini ko garin asali. Sashe na 43 ya ba shi damar mallakar gida a ko'ina, na 44 kuma ya ce idan hukuma za ta karɓi dukiyarsa sai bisa doka, tare da biyan diyya. Amma sashe na 297 ya ce duk ƙasar Abuja ta Gwamnatin Tarayya ce. Ma'ana, takardar mai unguwa ko ta dillali ba ta ba ka mallakar fili a nan.

Ni wannan karatu da tsada na saye shi. Shekarun baya na tara kuɗin guminmu, ni da maiɗakina, na ba wani dillali, ya miƙo takarda mai hatimi, na dangwala yatsa. Ranar da motar rusau ta zo, na fito da ita ina rawar jiki, wani yaro ɗan makaranta ya karanta mini, ashe rasit ne kawai na kuɗin da na biya. Wannan baƙin ciki shi ya kai ni ajin yaƙi da jahilci da furfura a gemuna. Yau ga shi ni ke rubuta muku wasiƙun ƙungiya.

Saboda haka ina roƙon abu huɗu. Na ɗaya, kada kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa ba a gaban shaidu biyu. Na biyu, kafin ka biya kuɗin fili, a je ofishin AGIS a bincika. Na uku, mai haya ya karɓi rasit duk biya, ya kawo mu ɗauki hotonsa mu adana. Na huɗu, kowane magidanci ya rubuta sunansa da na iyalinsa da sana'arsa a rajistar ƙungiya, domin ranar ƙidayar diyya, wanda ba a rubuta ba kamar bai taɓa zama a wurin ba ne.

Iyayenmu mata, ajinku yana nan bayan la'asar, na maza bayan isha'i. Babu wanda ya tsufa da koyon karanta takardar gidansa.

Allah ya kare mana mutuncinmu da dukiyarmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.