Ƙanƙara Kafin Ruwan Zafi: Jawabi Ga Jama'ar Sintali

 

Mu dai ba likitoci ba ne, 'yan kasuwa ne. Amma a babbar kasuwar Jalingo da wuya a yi mako ba mu ga ɗan dako ya gurɗe da buhu a kai ba, ko ƙyauren shago ya datse wa yaro yatsa. Mai ci da ƙarfinsa kuwa, in ya kwanta kwana uku, to kwana ukun nan ba a ɗora tukunya a gidansa.

Abin da aka saba, da an yi targaɗe sai a dafa ruwa a gasa wurin, a shafa man zafi, a murza. To jama'a, a kwana biyun farko wannan ƙara kumburi yake yi. Dalili kuwa, ƙananan hanyoyin jini sun fashe a ciki, zafi yana ƙara buɗe su, sanyi kuma yana tsuke su, ya kashe raɗaɗi. Gashi yana da ranarsa, amma sai kumburi ya fara saɓewa.

Ƙanƙara ba ta yi mana wuya ba. Ko babu wuta a gida, fiya wata mai daskarewa tana wajen masu zoɓo da ƙunun aya. A naɗe ta a tsumma mai tsabta, kada a ɗora ta tsirara a kan fata, don ita ma tana ƙuna. A bar ta minti 15 zuwa 20, a ɗauke, sai bayan kamar awa 2 a maimaita. A ɗora ƙafar a kan matashi ta ɗara ƙirji tsawo. Kada kuma a yi barci da ita, wai don a samu aiki biyu.

Wani likitan 'yan wasa a Amurka, Dakta Gabe Mirkin, shi ya yaɗa wannan tsari a 1978. A 2014 shi da kansa ya dawo ya ce yawan sa ƙanƙara na iya jinkirta warkewa, domin kumburin nan ma yana cikin aikin da jiki ke yi na gyaran kansa. Ke nan ƙanƙara ta rage azaba ce, ba ɗori ba ce.

Iyaye mata, a nan muke roƙonku ku buɗe kunne. Yaro mai sikila, kada a kusanto masa da ƙanƙara ko kaɗan, sanyi yana tayar masa da ciwon. Haka dattijo mai ciwon suga wanda ƙafarsa ta daina ji, sai fata ta lalace bai sani ba. In kuwa ƙuna ce ta wuta ko tafasasshen ruwa, ba ƙanƙara ba, ba man goge baki ba, ba ɗanyen ƙwai ba: ruwan sanyi na randa ko famfo za a yi ta kwararawa har minti 20.

Idan mutum ya kasa taka ƙafar, ko gaɓar ta karkace, ko yatsu sun mutu ba ya jinsu, a sa shi a keke a nufi asibitin tarayya, wato FMC, a ɗauki hoton ƙashi tukuna, kafin wani ya ja ko ya murza. Wanda ya bugu a kai yana amai ko magagi, shi ma kada a tsaya neman ƙanƙara.