Guzurin Jirgin Sama Ba Irin na Mota Ba Ne

Yau zancenmu na guzuri ne, ga maniyyata da fataken da ke tashi daga filin jirgin Hassan Djamous zuwa Jidda, ko zuwa Dubai da Guwanzu ta Addis Ababa.

Mun saba, in tafiya ta kama, uwargida ta dama fura, ta cika gora da nono, ta ƙulla man shanu. To a jirgi ba haka abin yake ba. Duk abu mai ruwa, ba a shiga da shi a jakar hannu in mazubinsa ya wuce mililita 100, wato kamar ɗan kofin shayi. Wanda ya wuce haka, wurin bincike za ka bar shi. In kuwa ka cusa nono cikin babbar jaka, yana iya kumbura ya fashe, ya ɓata maka harami da tufafi.

Don haka ɗauki busasshe: dabino, gyaɗa, aya, dakuwa, ƙuli-ƙuli, biskit. Kilishi ma ya yi, amma kaɗan, domin iskar cikin jirgi busasshiya ce, gishiri da yaji kuma ƙishi suke jawowa. Ka yayyaga shi tun daga gida. Malam makiyayi, wuƙar nan taka da ba ka rabuwa da ita, ba ta shiga jakar hannu.

Auna abin da za ka cinye kafin a sauka. Ƙasashen Tarayyar Turai ba sa barin matafiyi daga wajenmu ya shiga da nama ko cuku. Goro kuwa, hukumomin alhazai sun sha gargaɗi cewa Saudiyya ta hana shi. Kada kuma ka karɓi ƙullin wani, ko da ya ce yaji ne za ka miƙa wa ɗan'uwansa a Makka. Abin da aka samu a jakarka, kai za ka amsa.

Hajiya da Alhaji masu ciwon suga, ku ajiye abin taɓawa da maganinku a jakar hannu, tare da takardar likita, don jirgi kan yi jinkiri, abincinsa ma ba a kan lokacinku yake zuwa ba. Kuma kar a ƙi shan ruwa don gudun shiga bayi, akwai shi a jirgi.

Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya.