Musayar Fayiloli Da Tsaron Kalmar Sirri Tsakanin Kwamfutoci Mabambanta



Batun da aka ɗora mini shi ne yadda kwamfutoci masu tsari daban-daban ke musayar fayiloli, da yadda suke tantance mai neman shiga. Duk wanda zai kama aikin ofis zai gamu da wannan: akawu yana da Windows, babbar kwamfutar ajiya tana da Linux, wani jami'i kuma ya zo da Mac, alhali takarda guda dukkansu ke nema.

Asalin wahalar shi ne kowane ɓangare da harshensa ya tashi. A kamfanin IBM aka ƙago ƙa'idar SMB a 1983, Microsoft ya ɗauke ta ya gina a kanta. Kamfanin Sun kuwa ya fito da NFS a 1984 domin Unix. Sai a ƙarshen 1991 wani ɗalibi kamarmu, Andrew Tridgell, a jami'ar ƙasa ta Ostareliya da ke Kanbera, ya bi diddigin saƙonnin da ke wucewa tsakanin na'urori, ya rubuta manhajar da daga baya aka raɗa wa suna Samba. Ita ce tafintar da ke sa Linux ya ji harshen Windows.

To, fahimtar harshe daban, yarda da baƙo daban. Kwamfuta ba ta ajiye kalmar sirri yadda aka rubuta ta. Niƙa ta take yi da lissafi, ta ajiye garin. Gari kuwa ba ya komawa hatsi. Da yake niƙan Unix ya bambanta da na Windows, Samba ba za ta iya gwada shaidar da Windows ya aiko da abin da ke cikin rajistar Unix ba. A da ana kauce wa wannan ta aika kalmar tsirara a kan waya, amma daga 1997 Windows NT ya daina yin haka sai an tilasta shi. Shi ya sa Samba ke riƙe da tata rajistar.

Saboda haka mai shirya wannan aiki ya kiyaye abu uku. Na farko, ya buɗe wa mutum asusu a Linux, sa'an nan ya shigar da shi rajistar Samba da umarnin smbpasswd. In ya tsallake ɗaya, ƙofa ba za ta buɗu ba. Na biyu, cikin fayil ɗin smb.conf ya bayyana jakar da za a raba, da sunayen masu izini, da ko karatu kaɗai aka yarje musu, ya duba aikinsa da testparm. Na uku, ya tuna izinin da Linux ya ɗora a kan fayil yana nan daram: ko Samba ta yarda, in Linux ya hana, an hana.

Inda ma'aikata suka yi yawa, an fi dogara ga Kerberos, wanda aka ƙago a jami'ar MIT ta Amurka, Windows ya rungume shi a 2000. Mutum ya shiga sau ɗaya, a ba shi tikiti mai wa'adi. Amma in agogon kwamfutarsa ya saɓa da na cibiya fiye da minti 5, bisa al'ada za a ƙi shi, ko da kalmarsa daidai ce.

Jama'a, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A watan Mayu na 2017 cutar WannaCry ta bi ta wani rauni a tsohuwar SMB1, ta kulle fayiloli a ƙasashe da dama, har ta tsai da aiki a asibitocin Ingila. Abin takaici, tun watan Maris Microsoft ya fitar da maganin, mutane da yawa ba su sa ba. Don haka a kashe SMB1, kada a buɗe ƙofa mai lamba 445 ga intanet, kada kuma don gudun wahala a bar jaka a buɗe ga kowane baƙo, ko a raba wa ofis duka kalma guda.

Gobe takardun albashi, da sakamakon jarrabawa, da bayanan marasa lafiya za su kasance a hannunmu. Amanar talakawa ce, kuma za a tambaye mu yadda muka tsare ta.